Kwalar da Gawayi ya ƙona

Mun haɗu a 1969, shekarar da na fara koyarwa a makarantar kwana. Shi ne mai wanki da guga. Ɗalibai suka sa masa Gawayi, sunan kuma ya bi shi har kabari. Ba ya gwada dutsen guga da jiƙaƙƙen yatsa kamar sauran. Kusa da kuncinsa na dama yake kai shi ya ji zafin, har kuncin ya fi ɗan'uwansa duhu.

Sau ɗaya ya manta. Ranar da sufeto zai duba ajina, ya ɗora dutse a kan farar rigata, wadda ba ni da ta biyu, kwalar ta ƙone. Shugabanmu ba ya gargaɗi, kora yake yi. Da ya tambaya, na ce ni na karɓi dutsen da hannuna saboda gaggawa. Na sha faɗa a gaban baƙo. Daga nan duk musun da muka yi, sai in ce, "Kai dai ka ci mini riga."

"Haba Malam," in ji shi, "rigar da ko kyauta ba mai karɓa?"

'Yata Auta a ɗakin gugarsa ta yi rarrafe, kan tulin zannuwan gado. Ta girma ta zama mai bincike kan ciwon daji. Wannan ciwo shi ya kwantar da Gawayi bara, kuma an gano shi a makare.

Wata rana muna gefen gadonsa a asibiti, ya ce ta gaya masa abin da take yi a ɗakin gwaji, amma ban da Turanci.

"Kawu, idan ƙwayoyin jiki suka sha zafi, akwai wani sinadari, furotin, da suke fitarwa don kare kansu. Shi wannan yakan ɗauki ɓurɓushin ƙarin da ciwon dajin ya haifar ya nuna wa garkuwar jiki, ta gane abokin gaba. Muna so mu ciro shi daga ƙarin, mu koya wa jiki yaƙi."

"Ashe guga kike yi. To me ya hana?"

Ta ce tsokar ƙarin ce ba ta samu. Mutane ba sa yarda a yanke su don abin da ba zai warkar da su ba, kuma in ba ta samu ba, rufe aikin za a yi.

"Ni zai warkar da ni?"

"A'a, Kawu." Ba ta iya kallonsa ba.

Na gane abin da ke ransa. Da ta fita na riƙe hannunsa, na ce kada ya kuskura ya bari a yanke shi, abin da ya rage masa na ƙarfi ba na rabo ba ne. Ya ce, "Malam, ka taɓa ganin na yi abin da ba ka sa ni ba?" Na yarda da shi. Da na tarar da sabon bandeji a gefen cikinsa, ya ce likitoci ne da ƙaƙalensu.

Bai ga ƙarshen watan ba.

Bayan jana'iza Auta ta same ni a ɗakina. Ta ce Gawayi ne ya aika a kira ta, ya sa likitansa ya zama shaida, ya dangwala yatsa a takardar amincewa. Tsokarsa ce ta farko da ta shiga firjin ɗakin gwajin. Da 'yan ɗakin jinyar suka ga ya yi, wasu suka bi, aikin bai mutu ba.

Na buɗe baki zan yi mata faɗa, ta riga ni.

"Baba, ya bar maka saƙon da ban gane ba. Wai in ce maka kuɗin kwala ne, kada ka ƙara yi masa gori. Wace kwala?"

Rigar tana nan a ƙasan akwatina. Na ɗauko na miƙa mata, na nuna mata ƙonanniyar kwalar.