Ranar da Baffa Ilu Ya Je Nema Mini Aure

Duk wanda ya zauna da Baffa Ilu ya san yatsun nan biyu. Kana cikin magana zai ɗaga babban yatsa da manuni, ya tsinci wani abu a iska daidai bakinka, ya wurga shi bayan kafaɗarsa, ya ce, "A rage." Shi ke nan, ya ɗebe rabin zancenka ya zubar, sai ka lallaɓa da ɗan abin da ya bar maka. Ku da kuke dariya, damin gero ya rage muku ko tsawon kifin da kuka ce kun kama. Ni mata sukutum ya kusa raba ni da ita.

Ƙanen mahaifina ne, dillalin shanu a karar Wudil, kuma a can ya kwaso cutar. Shekara da shekaru ana kawo masa tsohon sa ana rantsuwa ɗan shekara huɗu ne, shi kuma yana wage bakin dabba yana duba haƙora. Da a kara yake barin halin nan ran Juma'a, da mun huta. Ina! Gida yake tahowa da shi, kowa ya buɗe baki ya zama mai tallar tsohon sa.

Inna Kande, matarsa, ta kwanta zazzaɓi. Ya leƙa ɗaki.

"Yaya jikin?"

"Wayyo Malam, mutuwa zan yi!"

"A rage. Ɗazu na ji ki kina faɗa a kan wa ya taɓa miki daddawa. A cire mutuwa, saura zazzaɓi."

Haushi ya tashe ta washegari. Mako guda tuwonsa bai ga man shanu ba.

Da kuɗin mai ya shigo ƙasa, kasuwar Baffa ta buɗe, don kowa ya zama babban mutum a baki. Wanda ya je Kano sau biyu ya dawo ɗan kwangila, rediyo a kafaɗa, agogo a hannu ko ba ya tafiya. Tanimu, wani ɗan unguwarmu, ya dawo daga Legas da wando mai faɗin ƙafa, ya ce shi manaja ne a kamfanin siminti. Baffa ya ba shi hannu, ya riƙe bai saki ba, yana murza tafin. Sannan ya ce ya ɗan cire hula.

"Manaja, a rage. Kujerar ofishin naku a ka ake ɗaukar ta? Ga kanta a hannu, ga tsakar ka ta sule. Buhu nawa a yini?"

Tanimu bai ƙara kwana uku a gari ba. Gaskiya Baffa ya faɗa, na yarda, amma wa ya aike shi?

To, wannan mutumin ne tilas ya je nema mini auren Hajara, 'yar Malam Bawa na Indabo, don mahaifina ya rasu tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Ina son ta, tana so na, sai dai akwai wani ɗan kwangila da ke faka motarsa Fijo a ƙofar gidansu, yara na zagaye ta suna shafawa. Ni kuwa malamin firamare ne. Na je na durƙusa.

"Baffa, don girman Allah, ranar nan kaɗai ku bar yatsun nan a aljihu."

"Me kake so in ce, Garba?"

"Ku ce ina koyarwa, ina da Basfa, ina gini."

Ya ce, "To." Da ma na san "to" ɗinsa ma sai an rage.

Suka tafi da goro, shi da limamin unguwarmu. Bayan doguwar gaisuwa a zaure, Liman ya fara kamar yadda kowa ke yi: yaro mai ladabi, gobe-jibi hedimasta, ga abin hawa, ga gini ya kai linta. Sai yatsu suka tashi.

"A rage, Liman. Aji biyu yake koyarwa, jarrabawar ma sai karo na biyu ya ci. Basfar ba tasa ba ce, duk wanda ka ga ya sauka yana tura babur don ya hango rami, aro ya yi. Ginin kuwa bulo ashirin ne, awaki ke kwana a kai. Ga saurin fushi, ga barcin rana."

Liman ya ce ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ɗauki buta ya fita alwala, ba lokacin salla ba, ya tsaya a gindin darbejiya har Baffa ya fito. Da suka dawo ya kwashe komai ya gaya mini. Kwana uku ban leƙa ko ƙofar gida ba. Rana ta huɗu aka aiko daga Indabo cewa an ba ni.

Na ce kukan Hajara ne da kirkin mahaifinta suka sa aka ba ni. Baffa kuwa na ƙulle shi a raina. Shekara goma sha ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a tsaye. Da aka haifa mini namiji, Inna Kande ta so in sa masa sunan Baffa, na yi kamar ban ji ba. Shi ko a jikinsa. Ya zo suna, aka ce jariri kyakkyawa, ya leƙa ya ce a rage.

Da Baffa ya rasu, ranar sadakar ukunsa, surukina Malam Bawa ya zo ta'aziyya da sandarsa. Ya zauna kusa da ni a tabarma.

"Garba, ka san me ya sa na ba ka Hajara?"

Na sunkuyar da kai.

"Da limaminku ya gudu, na ce, to Ilu, ka ɗebe komai, me ya saura? Ya ce, 'Tun rasuwar ubansa, kullum damina sai ya nome gonar uwarsa da sassafe kafin ya tafi makaranta. Ba wanda ya sa shi, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Na zagaya wannan ta ko'ina, ban sami inda zan rage ba.' Wakilan mai Fijo sun yi yini suna yabo, ban san wanne zan ɗauka ba. Maganar Ilu guda ɗaya ce, na kuwa san tatacciya ce."

Na tashi na zagaya bayan gida na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Tsohon nan! Shekara goma sha ɗaya yana kallona ina kumbure-kumbure, ya ƙi buɗe baki ya kare kansa.

Baffa, ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya kankare maka kurakuranka, Ya cika maka ladanka har ya zuba. Amin.