Masu Saran Itace a Alƙiblata

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, ina masinja a wani ofishi a Doka. Maigidana ya je kwas Faransa, ya dawo da wani hoto cikin gilashi: Turawa biyu a daji, sun duƙufa suna saran itace. Ya ce wanda ya zana na asalin ɗan manoma ne, ya mutu tun ba a haifi kakana ba, kuma shi ba ruwansa da zana sarakuna, sai masu aikin ƙarfi. Ya sa ni da hannuna na rataye shi a bangon gabas na ɗakin jira.

To nan nake azahar da la'asar, don ba a barin ofis ba kowa. Na tayar da kabbara, sai ga Faransawa a gabana. Na yi ruku'u, su ma a sunkuye. Ranar na yi ta sake sallar har goshina ya yi zafi.

In na sauke hoton, aikina; in na bar shi, sallata. Na kai kuka wurin wani malami a Abakpa, ya ce, "Ai in an raba kai da gangar jiki, ya tashi daga hoto." Washegari na samo baƙin salatif na masu gyaran wuta, na yanka siri-siri, na manna wa kowannensu a wuya ta kan gilashi. Har bisimilla na yi.

Da hantsi Maigida ya shigo da baƙi, ya ja su gaban hoton zai yi musu bayani. Sai ya ƙura wa hoton ido. Ya cire tabarau, ya mayar.

"Malam, zo nan. Wa ya yanka mini Turawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba su mutu ba, salatif ne, ɓarewa yake."

Wani baƙo ya riƙe ciki. "Alhaji, yi haƙuri, yankan Musulmi ne, sun halatta."

Da na yi bayani, Maigida ya share ƙwallar dariya ya ce, "Kai ba ka da baki ne? Mayar da su bangon yamma."

Na mayar, na tayar da la'asar raina wasai. Ina raka'a ta biyu sai na tuna akwai ƙarti biyu da gatura a bayana, kuma ni na yanka su.

Tun daga nan na koyi buɗe baki in tambaya da wuri, kuma yana rage wahala. Amma har na bar ofishin nan, in zan yi sallama wuyana yakan ɗan wuce kafaɗa.