Ranar da jikata ta tsaya a sama

Ko da zan manta abin da na ci jiya, ba zan manta ranar da jikata ta shiga gasar zamiya a kan ƙanƙara ba. Ubanta, ɗana na fari, yana aiki a wata ƙasa mai sanyi, can aka haife ta. Ni kuwa ina nan Lafia, ina ƙulla zoɓo da kunun aya a firji. Abin da na sani game da ƙanƙara ɗaya ne: a ɗauke wuta, ta zama ruwa.

Da ya kira ya ce yarinyar na neman addu'ata, na ce me za ta yi? Ya ce rawa a kan ƙanƙara, da takalmi mai wuƙa a ƙasa. Na ce to in an ɗauke wuta fa? Ya yi ta dariya har da tari. Ni dai abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Autata ta ce bari ta kwantar mini da hankali, ta nemo mini tsohon fim na tarihin gasar ta duniya, mai baƙi da fari. Ta ce yaƙin duniya na biyu ya tsayar da ita, da aka gama aka dawo. A fili ma ake yi a lokacin, ba rufi, alƙalai na tsaye cikin manyan riguna suna ɗaga allunan maki. Wai wasu 'yan matan garuruwansu duk a rushe, amma suka fito. Sai autar tawa ta yi suɓul da baka ta ce in rana ta buɗe, ƙanƙarar takan yi laushi. Ai sai ta ƙara mini! Abin da ya zauna a kunnena kawai shi ne ƙarar wuƙar nan, shuuu, kamar ana kankare ƙanƙarar da ta kama sosai.

Ranar gasar, bayan la'asar, muka zauna a tabarma da maƙwabciyata 'yar Doma, ɗana ya riƙe waya daga can yana nuna mana ta bidiyo. Ga yarinya ta fito, siririya kamar tsinken tsire. Ta zagaya, ta juya da baya, carbi na hannuna amma na kasa ja. Sai ta yi tsalle, sai hoto ya tsaya cak. Jikata a sama, ƙafa ba ta taɓa komai.

Maƙwabciyata ta dafe ƙirji tana salati, autata tana ɗaga waya tana zagin netiwok. Na ce su yi mini shiru. Hoton ne ya mutu, sauti yana nan. Na kasa kunne ina jiran in ji tim. Sai na ji ƙas, sannan shuuu, dogo, bai yanke ba.

"Ta sauka," na ce. "Da ƙafarta ta sauka."

Ba ta zo ta ɗaya ba, ko kusa. Da ta karɓi wayar tana haki, ta ce da Hausarta mai gargada: "Kaka, kin gani?"

"Ban gani ba, ƙawata. Na ji."

Tun ranar na gane, ɗan da ya yi maka nisa ba ka da hannun tare shi. Ka yi masa addu'a, ka yi shiru, ka saurara.