Miluda da Ruwan Rijiya

A ƙauyenmu da ke bayan Huribga, babu uwar da ta kai Miluda tsanani a kan bakin yaro. Ita kanta kafin ta cika talatin mai cire haƙori na kasuwar Laraba ya gama kwashe mata turame. Ta rantse 'yarta tilo, Gizlan, ba za ta taɓa zama a tabarmar mutumin nan ba.

Shayinmu sai ya yi danƙo da sukari, na Gizlan kuwa salam ake zuba mata. Duk da haka, da ta yi famfara, sababbin haƙoran suka fito da ɗigon fari, sannu a hankali suka rine kamar tsatsa. Rabin garin haka muke, muna cewa gado ne. Miluda ta ce ƙazanta ce.

"Wa ya ba ki alewa?"

"Wallahi Inna ban sha ba."

"Buɗe bakin nan, maƙaryaciya!"

Da gawayi take dirza mata, da gishiri da lemon tsami, har dasashi ya yi jini. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin kukan kowace safiya. Yarinyar ta koma dariya a tafin hannu, daga baya ta bar dariyar.

Tana shekara sha shida wata likita ta zo duba 'yan makaranta. Miluda ta je da kanta kai ƙarar haƙoran Gizlan.

"Baiwar Allah, wane ruwa take sha tun tana goye?" in ji likitar.

"Na rijiyar gidanmu. Marigayi ubanta ne ya haƙa."

"To ruwan ne. Ƙasarku ce ke da wani sinadari. Ba laifinta ba ne ko kaɗan. Dirzar nan ma ta cinye bayan haƙoran, shi ya sa ruwan sanyi ke sa ta hawaye."

Miluda ta zauna daɓas a ƙasa, ta kasa ɗaga ido. A hanya ta ce, "Gizlan, na cuce ki." Yarinyar ta ce, "Ya wuce, Inna," ta ƙara sauri.

Yanzu Gizlan tana ɗinki a Kazabulanka, sau ɗaya take zuwa a shekara. Hirarsu ba ta wuce damina da lafiyar tumaki.

Miluda ta rufe rijiyar da faifan ƙarfe. Kullum tana kora jakinta zuwa famfon bakin titi, tana jan ƙafa ɗaya. Duk gidan da aka haihu, jarka biyu take saukewa a ƙofa.

"Gwaggo Miluda, ruwa ne barkar?" matan kan tsokane ta.

"Na jaririn ne. In na ga kin dafa shayi da shi, ni da ke ne."