Hodar Malam da Bangon da Ke Tsatsafo

Tun yana ɗalibi Malam ya ci karo da hodar nan, bai kuma sake samun kansa ba. Abokan karatunsa sun shiga kamfanoni sun yi ƙiba sun ajiye tumbi. Shi kuwa ya tsaya koyar da ilimin sinadarai, yana ɗumama hoda yana sanyaya ta har furfura ta cika masa gemu. Ɗalibai na kiransa Mai Hoda a bayan idonsa. Ya sani, kuma a ransa sunan na yi masa daɗi.

Hodar kam abin kallo ce. Da sanyi launinta ja ne mai duhu, in ta ji zafi sai ta koma fara fat, domin ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinta sun sauya zama sun ɗan kumbura. Abin da ya kama Malam shi ne taurin kanta. In aka rage wuta ba ta komawa ja a inda ta bar shi, sai an sauka can ƙasa, kamar mai fushin da aka ba haƙuri yana jan aji. Wannan tazarar ce ake nema, don hoda mai faɗin tazara tana riƙe shaidar zafin da ta sha. Ta Malam kuwa ta fi ta kowa faɗi, shi kuma ya tabbata hannunsa ne. Ritaya ta matso, ba shi da wani abu da za a tuna shi da shi sai wannan.

Ɗakin gwajinsa a ƙarshen baranda yake, bango ɗaya da banɗaki. Wani famfo da ya fashe a cikin bangon yana tsatsafo rani da damina, fenti na ɓarewa, littattafai na wari. Malam ya kai kuka har shugaban sashe na sauya hanya in ya hango shi.

"Ranka ya daɗe, a wannan kogon za a yi kimiyya?" in ji Malam kullum.

Ana nan sai wasu masu bincike daga wata jami'a suka ce za su zo su gani da idonsu, don sun bi haɗinsa tiryan-tiryan tasu ba ta yi ba. Malam ya ce hannu ne ba su da shi. Don kada a ji kunyar baƙi, aka ba shi sabon ɗaki a sama, busasshe, da na'urar sanyi, aka kuma tura masu gyara suka toshe famfon suka shafe tsohon bangon. Ya kwashe kwalabensa ya hau yana taku ɗaya-ɗaya.

Ranar da baƙin suka zo ya sa sabuwar riga. Ya ɗora hodar a kan wuta, ta yi fari, ya dube su yana murmushi. Ya rage wuta kaɗan, yana shirin cewa "ku ga ikon Allah, ba za ta koma ba". Kafin ya buɗe baki ta koma ja, ba gardama ko kaɗan. Ya sake, ta sake. Gumi ya keto masa a ɗakin da kowa ke jin sanyi.

Wata daga cikin baƙin ta tambaya a hankali, "Malam, a ina take zama a da?"

Ya faɗa mata, har da famfon, don ya saba ba da labarinsa. Bai kai ƙarshe ba ya gano bakin zaren. Danshin ne. Hodar ta sha ruwan iskar ɗakin, ruwan ya riƙe ƙwayoyinta suna jan juna, shi ya sa ba sa saurin sakin jiki. Da ta bushe, kowace ta kama gabanta.

Baƙin suka yi murna ƙwarai, wai an gano babban abu. Malam ya yi ta gyaɗa kai, amma zuciyarsa ta yi masa nauyi, kunya kuma kamar ya nutse.

Da yamma ya tarar da matarsa tana ninke wanki, ya zayyana mata komai. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ajiye rigar da ke hannunta.

"To Baban yara, ni ban gane ba. Aikin na waye ke nan, naka ko na famfon?"



"Tare muka yi," ya ce. "Kuma ni na sa aka kore shi."