Tarihin Barakatu Mai Nono, Wadda Gashinta Ya Zube

Haihuwa da tasowa

An haifi Barakatu a shekarar 1968 a wata ruga da ke gefen Doguwa, sunan mahaifinta Maikano, mahaifiyarta kuwa Hauwa. Ba ta shiga boko ba. Iliminta bai wuce na ibada ba, sai tatsa da kaɗa nono, wanda ta ƙware a kai tun ƙwarya tana fin ƙarfin wuyanta.

Aure da sana'a

A shekarar 1985 aka ɗaura aurenta da Tasi'u, suka sauka da shanunsu kusa da Kiru, ta shiga kai nono da man shanu gida-gida har cikin Bebeji. Wanda duk ya taɓa shan kindirmonta, to, shi zai ba ka labari.

Zuwan lalura

A daminar 1999 gashi ya zube mata a ƙeya, wuri ɗan ƙarami, sumul, babu ƙaiƙayi babu zafi, kuma kafin shekara ta zagayo gashin kan ya tafi duka, har gira. Aka ce makero ne, aka ce kuturta ce, wasu suka ce aljanun daji ne da Fulani suke kwasowa. A wani ƙaramin asibiti ma'aikacin ko ɗankwalinta bai ɗaga ba, ya ce, "Ku dai ku riƙa wanka, 'yar Fulani." Matar da ƙorenta har ƙyalli suke yi.

Daga nan gidajen cinikinta suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Badiyya, matar wani dillalin hatsi a Bebeji, ta ce mata daga bayan ƙofa, "Wuce da shi, kada gashi ya faɗa mana a fura." Barakatu ta ce, "Hajiya, wane gashin? Ai duk garin nan ni kaɗai ce ba za a tsinci gashi a nonona ba."

A shekarar 2006 irin wannan lalura ta kama wata 'yar masu hali a unguwar su Hajiya. Aka kai ta Kano wurin likitan fata, ya bayyana cewa garkuwar jiki ce take afka wa saiwar gashi, kuma ba a ɗauka. Mata suka yi ta zuwa dubiya, kowace tana fitowa tana cewa ai ba a ɗauka. Amma bayanin likita, ka ji, bai taɓa tsallake soro ya iso ruga ba.

Shekarun ƙarshe

A shekarar 2008 Barakatu ta miƙa ƙwaryar ga 'yarta Asibi, ta tura ta kasuwar Tudun Wada inda ba a san su ba, tare da gargaɗin kada ta faɗi 'yar wace ce ita. Ita kuma ta zauna a ruga tana tatsa, tana kaɗawa, mutane suna sha suna yabon hannun yarinya.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a shekarar 2021 bayan gajeriyar jinya. Da masu wankan gawa suka zo inda ake raba gashin mace gida uku, sai suka tsaya suna kallon juna, har Asibi ta kwance ɗankwalinta ta ɗaura mata. An binne ta a Kiru. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Balarabe, da Rufaida, da Asibi. Daga gidajen Bebeji babu wanda ya zo gaisuwa. Wai sun ɗauka ta daɗe da mutuwa. Allah ya jiƙanta.