Ranar da Aka Ce Baba Yana Dafa Giya

Wata Asabar ce a daminar 1984, ina aji uku a firamare, Baba ya ɗauko babbar tukunyar da Mma take dafa waakye na sayarwa, wato shinkafa da wake, ya girka ta a tsakar gidanmu na haya a unguwar Nima. Ya cika ta da ruwan famfo, ya rufe da wani tsohon murfi da ya huda, ya liƙe bakin da ƙullun rogo. Daga hudar ya zura siririn bututun jan ƙarfe, ya lanƙwasa shi ta cikin bokitin ruwan sanyi, bakinsa na ɗiga a kwalba. Ni aka miƙa wa mafici. Na tsuguna ina fifita gawayi, ina jiyo ƙawayena suna ampe, wasan tsalle da tafi, a lungu, hankalina duk yana can.

Baba direban trotro ne, wato ƙaramar bas ta haya, kuma motar nan ita ce cinmu da shanmu. A makon ta yi ta zafi, har ta mutu masa a unguwar Maamobi cike da fasinjoji, tururi na tashi. Da bakanike ya buɗe lagireto, sai ga farin ƙanzo da tsatsa sun toshe hanyoyin ruwan. Ya wanke, ya ce kada a ƙara zuba mata ruwan famfo, sai tataccen ruwa irin na batir. A shekarun nan kuwa kantuna wayam suke. Shi ne Baba ya ce zai tara tururi da kansa. "Abin da cikinmu yake ɗauka, ba shi cikin mota yake ɗauka ba," haka ya yi ta gaya wa Mma, ita kuwa tana ta mitar tukunyarta.

Anti Akosuwa, maƙwabciyarmu mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, ta leƙo ta kwashe da dariya. "Ei, Alhasan, akpeteshi ka fara dafawa?" Wasa take yi, amma yara suka ɗauki maganar suka fita da ita. Kafin la'asar duk lungu ya ji cewa Alhasan direba yana dafa giya. Mma ta zauna ta rafka tagumi, tana cewa wa zai ƙara sayen abincin da ya fito daga wannan tukunya.

Ana idar da salla sai ga Malam Idi, limaminmu, da dattawa biyu, fuska ba walwala. Baba ya durƙusa ya gaishe su, ya yi bayani, sannan ya tsiyaya ruwan a kofi ya miƙa. Malam ya shinshina, ya yi bisimilla, ya kurɓa, ya daɗe yana juya shi a baki.

"Alhasan, wannan ai ko ɗanɗanon ruwa ba shi da shi!"

Dariya ta ɓarke har Anti Akosuwa tana share hawaye da bakin zane. Kafin Malam ya fita sai da ya roƙa wa ƙanensa mai tasi kwalba ɗaya.

Da safe, inji na sanyi, Baba ya zubar da tsohon ruwan, ya gauraya sabon da wani koren magani, ni ina riƙe da mazurari yana zubawa. Ya kwashe yaran gidan kaf muka tafi bakin teku, muna waƙa, shi kuma idonsa na kan allurar zafi, wadda ko motsin kirki ba ta yi ba. Ranar Litinin waakyen Mma ya ƙare tun da hantsi, don kowa so yake ya ga tukunyar.

Yanzu irin wannan ruwa yana jere a kowane gidan mai, nakan saya wa motata ba tare da na yi magana da kowa ba. Gidan namu an rushe shi an yi bene, Baba da Malam Idi sun riga mu gidan gaskiya. Ruwan ya yi sauƙin samu, mutanen ne suka yi wuya.